Ben Thanh, Binh Tay ko babban kanti: ina baƙo zai yi sayayya a Saigon?

Baƙon da ya sauka a birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, wanda mazaunansa har yau suke kira Saigon, ba zai rasa inda zai zuba kuɗinsa ba. Akwai Ben Thanh, kasuwar tsakiyar gari da kowane direban tasi zai fara nuna maka. Akwai kasuwannin sari na unguwar Cho Lon. Akwai manyan kantuna masu sanyi inda farashi yake manne a jikin kaya, ga kuma ƙananan shagunan da ba sa rufewa dare da rana. Shawararmu a taƙaice ita ce, duk abin da idonka da hannunka za su iya tantance kyansa, kamar yadi, jaka, takalmi ko kayan ado, kasuwa ce wurinsa. Abin da yake a ƙunshe, ko wanda zai shiga ciki, ko wanda za ka buƙaci rasit a kansa, ka saye shi a kanti. Kuma ka fara da kantin tun ranar farko, ko da ba za ka sayi komai ba, domin a can za ka san kuɗin kilon kashu da ƙullin gahawa kafin wani ya yanka maka farashi a kasuwa.

Kuɗin da kansa

Sunansa dong, kuma sifilinsa da yawa: dalar Amurka ɗaya ta haura dong 25,000 a 'yan shekarun nan. Ba za ka ga sulalla a hannun kowa ba, takardu ne zalla. Daga ta 10,000 zuwa ta 500,000 duk na leda ne, in sun ji zufa sai su manne da juna, ka miƙa biyu kana zaton ɗaya ce. Babban tarkon shi ne ta 20,000 da ta 500,000, duka biyun shuɗaye ne, alhali ɗaya ta ninka ɗaya sau 25. Ta 10,000 da ta 200,000 ma suna ɗan kama da juna in haske bai wadata ba. Ka ware manyan a aljihu daban, ka shiga kasuwa da 'yan 50,000 da 100,000.

Suna rubuta 150.000 da ɗigo, ko 150k, a baki kuwa “ɗari da hamsin” kawai za a ce, an haɗiye dubun. A wuraren da baƙi suka yi yawa, mai kaya kan ɗaga maka yatsu biyar, sai an ƙulle kaya a leda ka ji ashe dala biyar yake nufi. Maganin wannan kalkuleta: a buga maka cikakkiyar lambar da sifilinta, ka gani da idonka, sannan ka taya.

Naira da sefa ba su canzuwa a can, dala ko yuro ake zuwa da su, sababbi marasa yagewa ko rubutu. Shagunan gwal na gefen Ben Thanh sun yi suna wajen canji, amma doka ta yarda ne kawai da banki da wuraren da ke da lasisi, don haka ka nemi shaidar lasisin a bango. Wanda ya shigo da tsabar kuɗi sama da dala 5,000 dole ya bayyana wa kwastan. A kasuwa kuɗi hannu ake yi. Za ka ga 'yan gari suna haska waya a kan lambar QR su wuce, amma wannan yawanci sai mai asusun bankin ƙasar. Kati yana aiki a manyan kantuna. Ƙananan shaguna kan ɗora kusan kashi 3 cikin ɗari a kai. In na'urar ta tambaye ka a cire da dala ko da dong, zaɓi dong, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na bankinka tsada.

Ben Thanh

An buɗe ginin a 1914, zamanin mulkin Faransa, kuma hasumiyar agogon da ke ƙofar kudu ita ce hoton da ake sa wa birnin a katin gaisuwa. Rumfuna kusan 1,500 ne a ciki. Wajen ƙofar kudu tufafi da busassun kayan abinci suka fi yawa, ƙofar yamma takalma da kayan tsaraba, ƙofar arewa kuma furanni, 'ya'yan itace, kifi da nama. Tun Disamban 2024 jirgin ƙasa na farko na cikin birnin yana tashi daga tashar da ke dab da ita, saboda haka isa wurin ba wuya. Ana rufe ciki da misalin ƙarfe shida na yamma.

Amfaninta ɗaya ne, amma babba: komai yana ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma masu kaya suna jin Turancin ciniki. Mai awa biyu kacal kafin jirginsa ya tashi, nan ne wurinsa. Illarta kuwa farashin farko. Ba abin mamaki ba ne a faɗa maka ninki biyu ko uku na abin da za a sallama. Layukan matsattsu ne, zafi da yawa, 'yan matan rumfa suna riƙe hannun rigarka suna kira.

Ga yadda cinikin ke tafiya. A ce jaka ce, mai rumfa ta buga 600,000 ta juyo maka da kalkuleta. Ka yi murmushi ka ce “mắc quá”, wato ya yi tsada, ka goge ka buga 220,000. Za ta dafe ƙirji kamar ka zage ta, ta buga 500,000. Ka ƙara 30,000, ta rage 100,000. In kun tsaya cak, ka yi godiya ka juya a hankali. In da sauran riba a tayinka, kafin ka yi taku biyar za ta kira ka; in ba ta kira ba, ka san ka sauka ƙasa da kuɗin kaya, kuma irin jakar tana rumfa ta uku a gaba. Abu biyu ne ke lalata ciniki a nan: ɗaga murya, da kuma ka taya a sallama maka sannan ka ce ka fasa. Na biyun shi ke jawo zagi, kuma da gaskiyarsu.

A jikin bangon kasuwar ta ciki akwai jerin shagunan da suka rubuta cewa farashinsu ɗaya ne, ba ragi. Ka zagaya su tukuna. Abin da ka gani a nan shi ne iyakar abin da ya kamata ka biya a tsakiyar kasuwa.

Kada ka zo da sassafe don kallo kawai. 'Yan kasuwar Biyetnam sun ɗauki cinikin farko na rana, wanda suke kira “mở hàng”, da muhimmanci ƙwarai: a ganinsu mai sayen farko shi ke buɗe ko toshe kasuwar yinin. Wanda ya zo ya birkita kaya, ya taya, ya tafi hannu rabbana, ya ɓata wa mai rumfa rai, har wasu kan ƙona 'yar takarda bayan tafiyarsa don korar rashin sa'a. In kuwa da niyyar saye ka zo, wannan ne lokacin da aka fi saurin sallamawa. Sannan ka sa ido lokacin ƙulle kaya: wanda ka duba ka zaɓa shi za a sa a leda, ba wani da aka zaro daga ƙarƙashin tebur ba. Waya kuma a aljihun gaba, musamman a bakin titi, inda masu ƙwace a kan babur suke aiki. Wajen komawa masauki ka kira mota ta manhajar Grab ko Xanh SM. A cikin tasin da ke jira a ƙofar kasuwa akwai masu kwaikwayon fenti da sunan manyan kamfanoni, mitarsu tana gudu kamar an kore ta.

Daga ƙofar yamma in ka tsallaka akwai titin Nguyen An Ninh, gajere ne, amma Musulmi zai ji daɗinsa. Saboda yawan baƙi daga Malesiya, titin ya cika da shagunan hijabi, dogayen riguna da kayan salla na mata, da gidajen abincin halal. Babban masallacin birnin, wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, yana titin Dong Du, tafiyar kusan minti goma sha biyar a ƙasa.

Tafiyar 'yan mintuna daga Ben Thanh, a titin Nam Ky Khoi Nghia, akwai Saigon Square: rumfunan tufafi, jakunkuna da takalma a cikin gini mai na'urar sanyi. Farashin farko a nan ya fi kusa da gaskiya, ragin ma bai kai na Ben Thanh ba. Za a ce maka kayan rarar masana'anta ne, tun da kamfanoni irin su Nike da Adidas suna ɗinka kaya da yawa a Biyetnam. Ka ɗauka jabu ne, ka biya kuɗin jabu. Ka juya rigar ciki waje ka duba ɗinki, ka ja zif sau uku ko huɗu, ka lanƙwasa takalmi ka ga ko gam yana buɗewa a gefen tafin. Kuma ka tuna kwastan na wasu ƙasashe, musamman na Turai, suna ƙwace irin waɗannan kaya.

Cho Lon, ga mai sayen da yawa

Binh Tay tana tsohuwar Gunduma ta 6, a Cho Lon, unguwar 'yan asalin ƙasar Sin. Wani attajiri mai suna Quach Dam ne ya ba da kuɗin gina ta, aka kammala a 1930, aka sake buɗe ta a 2018 bayan gyara. Bene ce mai fili a tsakiya. Motar bas mai lamba 1 tana zuwa Cho Lon daga Ben Thanh, a tasi kuma kusan rabin awa ne in ba cunkoso. An soke tsarin gundumomi a hukumance a watan Yulin 2025, amma direbobi da 'yan kasuwa da tsofaffin lambobin suke kwatance.

Wannan kasuwar 'yan sari ce. Dozin, katan da buhu ake magana: kayan kicin, huluna, jakunkuna, silifa, busassun 'ya'yan itace, kayan yaji. Ba mai jan rigarka, wasu ma ba za su ɗago kai ba in guda ɗaya ka tambaya. Turanci kaɗan ne, sai waya mai fassara da kalkuleta. Abin da ya fi muhimmanci ka sani shi ne salon ciniki a nan ya sha bamban da na Ben Thanh. Ribar da aka ɗora kaɗan ce, saboda haka wanda ya taya kashi ɗaya cikin uku ya nuna bai san inda yake ba. Ragi yana zuwa ne ta yawan kaya: tambayi kuɗin guda, sannan na dozin, sannan na dozin biyar. Wanda ya saba sari a Kantin Kwari zai gane yaren nan take. Ka buɗe ƙullin dozin ka ƙirga, ka duba ko launi da girma a gauraye suke, domin sau da yawa haka ake ɗaure su, kuma ba a mayar da kaya. Ka zo kafin azahar, ka kuma ba masu dako da babura hanya.

An Dong, a tsohuwar Gunduma ta 5, ita ce tsaka-tsaki: tufafi da takalma a saman bene, busassun kayan abinci a ƙasa, ana sari kuma ana sayar da ɗai-ɗai. Ga baƙon da yake son araha ba tare da ya sayi katan ba, mu a ganinmu ta fi Ben Thanh da Binh Tay duka.

Yadi kuma wurinsa biyu. Soai Kinh Lam a titin Tran Hung Dao don bandir-bandir, sai shagunan titin Hai Ba Trung daura da kasuwar Tan Dinh don yankan mutum ɗaya. Da mita suke awo: yadi biyar ya yi daidai da kusan mita 4.6. Ka tambayi faɗi kafin tsawo, domin wani mita ɗaya da rabi ne, siliki kuma kan zo da ƙarancin faɗi, har abin da ka lissafa ya kasa isar tela. In an ce maka siliki ne na asali, nemi a zare 'yan zaruruwa daga gefe a sa musu wuta. Na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan gwaji.

Girman tufafin ƙasar ƙanana ne. XL ɗinsu kan yi daidai da M ko L na wani wuri, takalmi mai lamba 44 zuwa sama kuma sai an sha yawo. Mai jiki ya nufi kasuwar da ake kira ta Rashawa a titin Vo Van Kiet, inda manyan lambobi da rigunan sanyi suke.

Kantuna

Co.opmart da WinMart na cikin gida ne kuma suna ko'ina. Lotte Mart na Koriya ta Kudu da Aeon na Japan sun fi girma amma suna nesa da tsakiyar gari. Ba ciniki, akwai rasit, akwai sanyi. Babbar jaka a kan ajiye ta a akwatin ƙofa ko a ɗaure bakinta. 'Ya'yan itace da kayan lambu sai an auna an manna musu farashi a sashensu kafin ka je wurin biya, in ba haka ba a mayar da kai daga layi. A jikin kaya NSX ranar sarrafawa ce, HSD ranar lalacewa, kuma rana ake fara rubutawa kafin wata. Ƙananan shaguna irin su Circle K, FamilyMart, GS25 da 7-Eleven na ruwan sha ne da sabulu da tsakar dare, tsaraba a nan ta fi tsada. Vincom da Takashimaya kuwa na kayan kamfani na asali ne, kuma kada ka sa ran araha don kawai a ƙasar aka ɗinka.

Ga Musulmi, rubutun jikin kaya shi ne babban dalilin fifita kanti. “Heo” ko “lợn” alade ne, “mỡ heo” kitsensa, “chà bông” kuma dambun nama ne wanda galibi na alade ne, ana barbaɗa shi a kan burodi da ƙanzon shinkafa. “Rượu” giya ce. Wainar “bánh pía” da ake yawan saye tsaraba, a girkinta na gargajiya akwai kitsen alade, sai wadda aka rubuta wa “chay”, wato marar nama. A tulin kayan da ake aunawa a kasuwa babu rubutun da za ka karanta.

Gahawa ita ce abin da aka fi cutar baƙi a kai. Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noman ta bayan Brazil, mafi yawa nau'in robusta daga tsaunukan tsakiyar ƙasar, inda garin Buon Ma Thuot yake. Suyar gargajiya ana haɗa ta da man shanu da sukari, wasu har da ɗan giya, kuma garin gahawa mai araha a kan gauraya shi da soyayyen masara ko waken suya. Ƙwayar da aka soya zalla ruwan ƙasa ce, a bushe, ba ƙyalli sosai. Wadda aka yi wa haɗi baƙa ce wuluk, tana sheƙi tana danƙo. Nemi wadda aka rubuta wa “rang mộc” ko “nguyên chất”, ka sayi ƙwaya, a niƙa a gabanka. In gari ka riga ka saya, barbaɗa cokali ɗaya a kan ruwan sanyi: na gaske zai jima yana yawo a sama, gaurayen zai nutse da sauri ya rina ruwan. Gahawar da ake cewa ta bi ta cikin dabbar daji, wadda ake tallata wa baƙi a Ben Thanh, a farashin da ake sallama ta ba za ta zama ta gaske ba. Trung Nguyên, Highlands Coffee ko G7 a kanti sun fi kwanciyar hankali, ka haɗa da 'yar matatar ƙarfe da suke kira “phin”.

A kashu ne ƙa'idar take ɗan karyewa. Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fitar da ɓararren kashu, kuma ɗanyen da take sarrafawa da yawansa daga Kambodiya da Afirka ta Yamma yake zuwa, har da Najeriya da Ghana. Mai son kilo biyar zuwa sama zai fi samun sauƙi a Binh Tay ko An Dong, inda za a bar shi ya ɗanɗana. Lambar W240 ko W320 tana nufin yawan ƙwaya a laba ɗaya, don haka ƙaramar lamba ita ce manyan ƙwayoyi. Ka yi hattara da robar nan mai zagaye da aka jera manya a samanta kamar fure: juya ta ka dubi ƙasa, nan ɓaraguzan suke, kuma nauyin robar yana cikin abin da ka biya. Gara a auna maka daga buhu. Ka kuma tabbatar farashin da aka faɗa na kilo ne, domin a Ben Thanh sau da yawa na giram 100 ake faɗa.

Itacen oud, wanda suke kira “trầm hương”, yana jan hankalin duk mai son turaren wuta, kuma na lardin Khanh Hoa ya yi suna. Kada ka saye shi a rumfar tsaraba. Carbi ko guntun icen da ke tashin ƙamshi tun yana cikin leda, turare aka jiƙa shi da shi. Na gaske ƙamshinsa kaɗan ne in yana sanyi, sai ya hau garwashi mansa ya fara tsattsafowa. Je shagon da wannan ce sana'arsa, a ƙona maka ɗan ɓalli daga wanda za ka saya, a ba ka rasit. Itacen yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa: abin da aka sassauta wa matafiyi don amfanin kansa shi ne kilo 1 na guntaye, mililita 24 na mai, da carbi biyu, kuma ba kowace ƙasa ce take aiki da sassaucin ba. Fiye da haka sai da takardar izini. Hauren giwa da ƙoƙon kunkuru kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Akwai wata riba da kasuwa ba za ta taɓa ba ka ba, wato mayar da harajin VAT. Sharuɗɗan su ne kantin ya kasance cikin tsarin, ka kashe aƙalla dong miliyan 2 a kanti ɗaya a rana ɗaya, a cika maka takardar musamman da fasfo ɗinka, kuma ka fita ƙasar cikin kwana 60. A filin jirgin Tan Son Nhat za ka nuna wa kwastan kayan da takardar kafin ka ba da akwati a awo, sannan ka karɓi kashi 85 cikin ɗari na harajin a teburin banki bayan an buga maka fita. A kan kayan da kuɗinsu miliyan 10 ne kafin a ɗora harajin kashi 10, dong 850,000 ke nan. A kan waya ko agogo ya cancanci wahalar, a kan alewar kwakwa bai kai ba.

Lokacin Tet, sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, rumfuna da yawa suna rufewa na kwanaki, farashi kuma yana tashi a makon da ke gabanta. Manyan kantuna sun fi saurin sake buɗewa. Wajen haɗa akwati, ruwan kifin nan mai gishiri, “nước mắm”, kamfanonin jirgi suna da tsauraran ƙa'idoji a kansa saboda wari in ya fashe, don haka tambayi naka kafin ka saya. Ɗan itacen duriyan kuwa, mai tsananin wari, ba a hawa jirgi da shi. Shagunan cikin filin jirgi da dala suke sa farashi, kuma gahawar da ka bari a Co.opmart za ka tarar da ita a nan da tsada sosai. Ragowar dong ɗinka ka canza shi kafin ka tashi, domin a wajen Biyetnam da wuya ka sami mai karɓarsa.